Ana Auna Ruwan Tumatir, Wa Ke Auna na Randa?

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Zariya da sassafe a lokacin hunturu, ya ratse ta wajen Kura ko Kadawa, ba sai an nuna masa abin da zan faɗa ba. Hazo ya kwanta a kan filayen tumatir da albasa da alkama, ruwa na tafiya a kanal. A bakin kwalbati wani matashi ya sauke famfon feshi daga bayansa, ya tsuguna ya tsoma shi yana kurkurewa, ya juye ragowar fari-fari a cikin ruwan, ta bi ta wuce. Ƙasa da shi kaɗan mata na wanki, wata yarinya na cika jarka, can gaba shanu sun zuba baki. Ba wanda ya ɗaga kai ya dubi wani, domin ba a ga abin mamaki ba.

Ka shiga gari ka yi sallama a ƙofar wani dattijo, a shimfiɗa maka tabarma, a kawo maka ruwa a kofin silba. Ka tambayi ruwan na ina ne, sai ka ga fuskarsa ta saki.

"Na rijiyar gidan nan ne, Malam. Mu ai ba ma shan na kanal. Duba ka gani, garau yake, ko alif ba ma sa masa. Kuma igiya gaba biyu ta kamo shi, rani da damina."

Abu biyu dattijon ke alfahari da su, ruwansa garau ne, kuma yana kusa. Na farkon ba ya tabbatar da komai. Na biyun kuwa shi ne ma ainihin abin da ya kamata ya hana mu barci.

1. Ruwan da Tiga ta tayar

Kafin ƙorafi a faɗi alheri. An kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, aka janyo ruwanta ta babban kanal zuwa filayen da aka tsara za su kai hekta 22,000 a yankin Kura da Bunkure da Garun Malam. Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda aka kafa a 1976, ita ke riƙe da aikin. Wannan ruwa shi ya mai da Kura garin shinkafa, shi ke cika kasuwar Kwanar Gafan da kwandunan tumatir da ake lodawa zuwa Legas, kuma dominsa Dangote ya gina masana'antar tumatir a Kadawa, aka buɗe ta a 2016. Mutanen da kakanninsu ke ɗaura ƙunshi su tafi cin rani da zarar an gama girbi, yau su ne ke ɗaukar wasu aiki. Ba mai hankalin da zai ce a mai da hannun agogo baya.

Akwai kuma wata sa'a da mutanen yankin suka yi. Ruwan Tiga daga sama yake gangarowa, bai biyo ta Sharaɗa ko Calawa ko Bomfai ba. Dattin masana'antun jima da ya addabi kogin Calawa da na Jakara ba shi ne matsalarsu ba. Yawancin abin da ke shiga ruwansu daga gonarsu da bayan gidansu yake fitowa, kuma abin da ya fito daga hannunka ya fi sauƙin gyara.

Sai dai ruwan da aka sako wa gona ba duka shuka ke sha ba. Wani rana ta ɗauke, wani ya tsiyaye ta magudana, saura ya nutse. Kanal ɗin kansa yana yoyo. Aka yi shekara da shekaru ana zuba wa ƙasa ruwa rani da damina, ruwan da ke ƙarƙashinta ya yi ta tasowa. Tun farkon shekarun 1980 masu bincike na cibiyar aikin gona ta Samaru, wadda ke da tasha a Kadawa, suka rubuta a kan yadda ruwan ƙasa ya taso kusa da sama a filayen aikin. Abin da ya dame su a lokacin shi ne saiwar shuka da ke ruɓewa da gonar da ke yin kanwa. Toshewar magudanun fitar da ruwa, waɗanda kacala da laka ke cikewa, ta ƙara taɓarɓara lamarin.

To me ya haɗa wannan da kofin silbar dattijo? Ƙasa mataci ce da Allah ya shimfiɗa tsakanin ƙazantar da ke sama da ruwan da ke ƙasa. Idan kaurinta gaba goma ne, abin da ya nutse zai daɗe yana tafiya, ƙwayoyin cuta su mutu a hanya, wasu sinadaran su maƙale. Idan gaba biyu ne, kafin ka ce kwabo ya isa. Ruwan da ya taso ya sauƙaƙa wa mai jan guga, haka ya gajarta wa ƙazanta tafiya.

2. Launi, ɗanɗano da wari

Duk wanda ya zauna gaban malami a zaure ya san cewa kafin a koya masa alwala sai an koya masa ruwa. An karantar da mu mu dubi launinsa da ɗanɗanonsa da warinsa. In najasa ta canza ɗaya daga cikin ukun, ruwan ya tashi daga aiki. Hukunci ne mai kyau, kuma ya tsare mu daga abubuwa da yawa. Amma hukuncin tsarki ne, malaman da suka rubuta shi ba su ce shi ne gwajin lafiyar ciki ba. Mu ne muka ɗauki ma'aunin buta muka kai wa randa, muka zauna a kan cewa duk ruwan da ya halatta a yi alwala da shi ya halatta a ɗura wa jariri.

Muna cewa ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. A kan hatsi haka ne. A kan ruwa ido bai san komai ba. Hukumar kula da ingancin kayayyaki ta ƙasa, SON, ta fitar da ma'aunin ruwan sha na Nijeriya a 2007, aka sabunta shi a 2015, kuma yawancin iyakokinsa sun yi daidai da na Hukumar Lafiya ta Duniya. Dalma kada ta wuce miligiram 0.01 a lita ɗaya, wato giram ɗaya tak a cikin lita 100,000. Sinadarin fuloraid kada ya wuce miligiram 1.5. Naitiret kada ya wuce miligiram 50. Ƙwayar cutar E. coli, wadda ganinta a ruwa ke nuna cewa kashin mutum ko na dabba ya shiga, ba a yarda a samu ko ɗaya ba a cikin mililita 100. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke canza launin ruwa ko warinsa a irin wannan adadi. Naitiret ko ya ninka iyakarsa sau biyu harshe ba ya jin sa.

Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza, kuma gaskiya ne. Abin da karin maganar bai faɗa ba shi ne ruwa kan lalace bai yi tsamin ba.

3. Tsakanin masai da rijiya

Mutane sun fi son a yi musu maganar guba mai dogon suna, domin ita ce ke da ban tsoro, kuma laifinta na wani ne. Amma abin da ya fi kwantar da yaranmu ya fi kusa da haka, kuma ya fi ban kunya.

Shiga gidajen ƙauyukanmu da suka cika suka batse tun da noman rani ya jawo mutane. Gidan da a da magidanci ɗaya ne, yanzu an raba shi huɗu, kowane sashe da masansa. Rijiyar da kaka ya haƙa tana nan inda take, masai ne ke ta matsowa. Wani lokaci katanga ce kawai tsakanin rijiyarka da shaddar maƙwabcinka, kai ba ka gani, ruwan ƙasa kuwa bai san katanga ba. Masana tsaftar muhalli suna ba da shawarar a bar tazarar mita 30 tsakanin ramin masai da rijiya, kuma gindin ramin ya kasance aƙalla mita ɗaya da rabi sama da ruwan ƙasa. A wurin da igiya gaba biyu ke kamo ruwa, mai haƙa masai kan tarar da danshi tun bai gama ba. Ma'ana ramin da rijiyar ruwa ɗaya suke taɓawa. In watan Agusta ya zo, ƙasa ta ƙoshi, sai abin ya ƙara muni.

Sannan ga bakin rijiyar kanta. Da yawa ba su da murfi, ba su da dakalin siminti da zai kore ruwan wanke-wanke, wasu ginin bakinsu ya tsage, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Gugan da aka jawo ruwa da shi a ƙasa ake yar da shi, inda kaji da awaki suka bi, igiyar tana kwance cikin caɓi, anjima a sake jefa su ciki. Kowane gida ya zo da nasa gugan, kowane guga da tarihinsa.

Ko da ruwan ya fito lafiya, tafiyarsa ba ta ƙare ba. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da UNICEF a 2016 zuwa 2017 ya gwada ruwan sha a gidaje a faɗin Nijeriya. An sami E. coli a ruwan sama da kashi 75 cikin 100 na mutane tun a wurin ɗiba, amma da aka gwada wanda ake sha a cikin gida sai adadin ya kai kimanin kashi 90. Wato tsakanin bakin rijiya da bakin mai sha ruwa na ƙara lalacewa. Rijiya ta bayar, guga ya hana. Ba sai an yi dogon nazari ba: jarkar mai ga-ruwa da cikinta ya yi kore, randar da ba a ƙwalƙwale gindinta, moɗa ɗaya da babba da yaro ke tsomawa tare da yatsunsu, yaron da ya fito daga bayan gida ya nufi randa kai tsaye.

A 2021 cutar amai da gudawa ta kama sama da mutum 100,000 a Nijeriya bisa lissafin hukumar NCDC, ta kashe fiye da 3,000, kuma Kano na cikin jihohin da suka fi jin jiki. Irin wannan ita ake ji a rediyo. Wadda ba a ji ita ce gudawar yau da gobe, wadda ake ce wa haƙori ne, da taifot ɗin da ake ta saye wa magani a kemis, a warke, a koma randar da ta kawo shi. Yaron da cikinsa ba ya zama lafiya, abincin da ya ci ba ya kama jikinsa, ko da mahaifinsa ya cika rumbu da shinkafa. Tsargiya kuma, wadda ta daɗe tana damun yaran da ke wanka a kanal, ta fata take shiga, wannan wani babi ne na daban.

4. Kamfa, yuriya da gwangwanin feshi

A nan ne yankin noman rani ya bambanta da sauran ƙauyuka. Gonar da ake nomawa sau biyu ko uku a shekara tana cin taki ninki biyu ko uku. Manomin Kadawa ba ya wasa da kamfa da yuriya, kuma yana da gaskiya, da su yake fitar da kuɗinsa. Amma an daɗe da sanin cewa shuka ba ta cika ɗaukar ko rabin sinadarin naitirojin da aka zuba mata ba. Wani ya tashi sama, musamman a fadamar shinkafa da ruwa ke kwance, wani kuma ya koma naitiret. Naitiret ba ya maƙalewa a ƙasa, duk inda ruwa ya nufa yana biye da shi. Gonar tumatir da masara da albasa, inda ake zuba taki a sako ruwa a kai, ita ta fi tura shi ƙasa.

Mu yi lissafin da ɗan firamare zai iya. Buhun yuriya mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 23 na naitirojin. In duka ya juye ya zama naitiret, zai kai wajen kilo 100. A ce kashi ɗaya cikin goma ne kawai ya sulale ƙasa, kilo 10 ke nan. Wannan ya isa ya kai lita 200,000 na ruwa iyakar nan ta miligiram 50, wato jarka 8,000 masu cin lita 25. Buhu ɗaya ke nan. Ba a nan lissafin ya tsaya ba, domin masai da turken shanu da jujin taki su ma naitiret suke zubarwa, kuma sun fi gona kusa da rijiya.

Babban mutum zai daɗe yana shan irin wannan ruwa bai ji komai ba. Jariri ɗan ƙasa da wata shida ne abin ji. A jikinsa naitiret kan juye ya hana jini ɗaukar iskar numfashi, sai ka ga leɓɓansa da dasashinsa da faratansa sun yi duhu-duhu, yana numfashi da ƙyar, jikinsa ya saki. Wani likita a jihar Iowa ta Amurka, yankin manoman masara, shi ya fara danganta wannan ciwo da ruwan rijiya a 1945. A wurinmu in aka ga haka sai a ce sanyi ne ko iska, a nemi hayaƙi da rubutu, ba wanda zai waiwayi rijiya. Ga kuma inda gizo ke saƙa: uwa mai kula takan tafasa ruwan jaririnta, kuma tafasawar tana kashe ƙwayoyin cuta, amma ba ta taɓa naitiret. Ruwa ne ke tafiya a tururi, sinadarin ya zauna, har ya ƙara kauri. Shi ya sa shawarar da ma'aikatan lafiya ke ta nanatawa, a bar jariri a kan nono zalla har wata shida ba tare da ba shi ruwa ba, ta fi nauyi a irin wannan yanki fiye da ko'ina. Kakanni da ungozoma ne ya kamata a fara shawo kansu, don su ne ke cewa yaro zai mutu da ƙishi.

Maganin feshi kuwa, duk wanda ya ga shekarar 2016, lokacin da tsutsar nan da manoma ke kira sharon ta cinye tumatir, ya san yadda tsoro ke sa mutum ya ninka awo. In murfi ɗaya aka ce, sai a zuba uku, a haɗa magani biyu ko uku a famfo ɗaya, a yi feshi yau a ɗebi tumatir jibi. Magungunan ba halinsu ɗaya ba. Farakwat, mai ƙona ciyawa, yana kama ƙasa ya riƙe, haɗarinsa ya fi yawa ga mai feshin da wanda ya sha shi bisa kuskure. Atirazin da ake yi wa masara da dawa da rake shi ne mai bin ruwa, kuma saboda yawan ganinsa a ruwan ƙarƙashin ƙasa ne Tarayyar Turai ta hana amfani da shi tun 2004. A 2023 hukumar NAFDAC ta sanar da jadawalin janye farakwat da atirazin da kulofirifos daga kasuwannin Nijeriya. Sanarwa daban, abin da ke kan teburin mai shago a ranar kasuwa daban.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne robar da aka gama da ita. Ana jefar da ita a bakin kanal, ko a ɗauraye ta a kai gida a zuba mai, ko a cika ta da ruwa a rataya a keke a tafi gona. Ƙa'idar ba ta da wuya: a ɗauraye sau uku, a juye ruwan ɗaurayar cikin famfon feshi ya tafi gona, sannan a huda robar don kada wani ya ɗauka. Wuƙa kawai ake buƙata.

5. Burtsatse ma a tambaye ta

Wani zai ce to a bar rijiyar guga, a haƙa burtsatse. Ina goyon baya, in an haƙa ta da zurfi, an toshe wuyanta da siminti yadda ruwan sama-sama ba zai bi jikin bututu ya gangara ba. Da yawa daga cikin waɗanda ake haƙawa lokacin siyasa ba a yi musu haka. Kuma zurfi kaɗai ba shaida ba ne.

A Tibiri ta Gobir, kusa da Maraɗi, an haƙa rijiyar burtsatse a shekarun 1980, gari ya yi murna da ruwan famfo. Ruwan garau, ba wari. Ashe fuloraid ɗin da ke cikinsa, wanda daga duwatsun ƙarƙashin ƙasa yake fitowa, ya ninka iyaka sau da yawa. Sai da aka haura shekara goma yara na sha kafin magana ta fito fili, lokacin ɗaruruwansu haƙora sun dafe, ƙafafu sun lanƙwashe. Hausawa ne 'yan'uwanmu, tafiyar yini ɗaya daga Kano. A Bangaladash an haƙa miliyoyin famfunan tuƙa-tuƙa tun daga shekarun 1970 don a raba mutane da ruwan kududdufi, sai a 1993 aka tabbatar da gubar asenik a cikinsu, bayan miliyoyin mutane sun daɗe suna sha. A Zamfara ma, a 2010, yara sama da 400 suka rasu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum kafin a shawo kan gubar dalma. Ita ta ƙurar duwatsun zinariya da ake niƙawa a gida ta shiga, amma halin ɗaya ne: ana binne yara ana cewa zazzaɓi ne, har sai da aka kai jini ɗakin gwaji.

Ƙasar Kura daban, ta Tibiri daban. Abin da ya haɗa su shi ne ba wanda ya isa ya tsaya a bakin rijiya ya rantse da abin da ke cikinta. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, ka san abin yi.

Fiya-wata fa? Mai kuɗi ya saya, amma ya tuna cewa wani daga rijiya irin tasa aka ɗebo shi, kuma lambar rajistar da ke jikin leda ba kullum take nufin an je an duba ba.

6. Rijiyar gida ba ta da mai duba ta

A Amurka dokar ruwan sha ta 1974 ba ta shafi rijiyar gida ba. Mutum sama da miliyan 40 ne ke shan irinta, kuma kowa shi ke da alhakin tasa. Sai dai hukumomin lafiya suna gaya wa mai rijiya ya gwada ta duk shekara, kuma a gundumomi da yawa ofishin lafiya zai ba shi kwalba, ya karɓa, ya mayar masa da sakamako. Mu namu ma'aunin ya fi nasu faɗi a takarda, domin ya ambaci har ruwan da iyali ke sha daga rijiyar gidansu da na 'yan ga-ruwa, ya ɗora sa ido a kan ma'aikatun lafiya. Amma ka zaga Kura da Bunkure ka tambayi magidanta ranar da wani ya zo ya ɗebi ruwan rijiyarsu ya dawo musu da amsa. Waɗanda suka taɓa ganin mai ɗiba za su ce maka ɗalibai ne daga jami'a, sun zo da kwalabe da akwatin ƙanƙara, sun yi godiya, sun tafi. Sakamakon yana can cikin kundin digiri da Turanci, mai rijiya bai san an sami abu ko ba a samu ba. Wannan rashin kyautawa ne. Jami'ar da ta tura ɗalibi ya ɗebi ruwan mutane ta wajabta masa komawa ya faɗa musu abin da ya gani, da Hausa, kafin ta sa masa hannu.

Abin takaicin shi ne yankin nan ba baƙon awo ba ne. Ana auna ruwan da ake sakowa daga Tiga, ana raba shi sashe-sashe, akwai ranar buɗe ƙofa da ranar rufewa, akwai kuɗin ruwa da manomi ke biya. Shirin TRIMING, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a 2014 da kuɗi kusan dala miliyan 500 don manyan ayyukan ban-ruwa na Arewa, ya gyara kanal-kanal a nan, ya ƙarfafa ƙungiyoyin masu amfani da ruwa. Ke nan akwai tsari, akwai shugabanni, akwai rajistar manoma, akwai asusu. Duk an gina su ne don ruwan da tumatir zai sha. Ina ganin waɗannan ƙungiyoyi su ne suka fi cancanta su ɗauki nauyin ruwan da 'ya'yan manoman ke sha, tun da ban-ruwan da suke gudanarwa ne ya taso da ruwan ƙasa, kuma takin membobinsu ne ke gangarawa cikinsa. Jiran gwamnati ta zo gida-gida jiran gawon shanu ne.

Kayan aikin ba su fi ƙarfinsu ba. Akwai 'yar takardar gwajin naitiret da ake tsomawa a ruwa, cikin minti ɗaya ko biyu ta canza launi. Akwai 'yar kwalba da ake cikawa a ajiye kwana ɗaya ko biyu, in ruwan ya yi baƙi to akwai alamar kashi a ciki. Ɗan sakandare zai iya koyon duka biyun a yini guda. Su ne za su nuna rijiyoyin da ya kamata a ɗebi ruwansu a kai babban ɗakin gwaji, irin na ma'aikatar albarkatun ruwa ta tarayya da ke Kano ko na jami'o'in Kano da Wudil da Zariya, inda ake iya neman maganin feshi da dalma da fuloraid. A riƙa yi sau biyu a shekara, ƙarshen damina lokacin da ƙasa ta ƙoshi, da tsakiyar noman rani lokacin da taki da feshi suka yi yawa. In aka ɗora ɗan abin da bai kai kuɗin kwandon tumatir ɗaya ba a kan kuɗin ruwan kowace kaka, zai biya.

Sakamakon kuma kada ya kwana a ofis. Mutanen Bangaladash fenti suka ɗauka, famfo mai lafiya aka shafa masa kore, mai guba ja, wanda bai yi boko ba ma ya gane. Mu ma za mu iya. Rijiyar da aka shafa wa ja ba a ce a cike ta ba, a yi wanka da wanki da ita, a ɗebo na sha a maƙwabta. Na san za a sha rigima, ba magidancin da zai so a ce rijiyarsa ce mai ja, wani ma zai ce an yi masa sharri ne don yana da 'yan mata a gida. Nan ne aikin dagaci da mai unguwa da liman, su fara da rijiyoyin gidajensu. Duba-gari kuma, waɗanda iyayenmu ke ba da labarin yadda ake share gida in an ji za su zo, a dawo musu da aikin auna tazarar masai da rijiya tun kafin a sa diga, don tun ran gini ran zane.

Kafin a kai ga haka, akwai abin da mai gida zai yi da kansa a makon nan. Ya ɗaga bakin rijiya, ya yi mata dakali da murfi, ya ware guga ɗaya da maratayinsa. A wanke randa, a samo moɗa mai dogon hannu, ko a koma bokiti mai famfo. Alif da 'ya'yan zogale suna kwantar da laka, amma ba sa kashe cuta, sai an bi da tafasawa ko ƙwayar kulorin, a jira rabin awa kafin a sha. Mai feshi ya ɗebi ruwa a bokiti ya yi nisa da kanal da rijiya kafin ya haɗa magani.

In ƙungiyoyin sun tashi farawa, kada su ce sai sun game kowane gida a zagayen farko. Su fara da wuraren da baki da yawa ke sha daga rijiya ɗaya: makarantun allo da na Islamiyya da firamare, ƙananan asibitocin da mata ke haihuwa, masallatan Juma'a, wuraren da 'yan ga-ruwa ke layi, da rijiyoyin da masu abinci da masu shayi na Kwanar Gafan ke ɗiba a lokacin kakar tumatir.